IN BA A RUBUTA KA BA, BA A SAN DA KAI BA

Bayan an gama girbi, ɗaliban yaƙi da jahilci na Hamdara da na ƙauyukan kewaye sun taru, maza da mata, tare da malamansu da masu gari. Wakilin jaridarmu ya yi musu jawabi a kan ƙidayar mutanen da ruwa ko tashin hankali ya raba da gidajensu. Ga jawabin nan mun buga dukansa. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.



Iyayena masu gari, iyaye mata, malamai, ƴan'uwana ɗalibai, ina gaishe ku da aiki. Barkanmu da ganin kaka. Allah ya sa mu ci abin da muka noma cikin lafiya.

Yau ban zo da allo ba, ban zo da alli ba. Tambaya na zo da ita. In ruwa ya ci garinku cikin dare, Allah ya kiyaye, wa zai gaya ma hukuma yawan waɗanda suka kwana waje? In baƙi suka sauka garinku da ƴaƴansu, sun gudo daga wani wuri, wa ya san ko su nawa ne? Wa ya san ranar da suka zo? Amsar tana hannunku, ku da kuka koyi riƙe alƙalami.

ABIN DA RUWA YA YI

Ku tuna damanar 2024. Ruwa ya yi ta sauka kamar da bakin ƙwarya. Hukuma ta ba da lissafi. Mutum kusan 400 suka rasu a faɗin Nijar. Waɗanda ɓarnar ta shafa sun haura miliyan 1 da rabi. Jihar Maraɗi da jiharmu ta Damagaram suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ran 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni ya faɗi, masallacin ƙasa wanda ya haura shekara 150 yana tsaye. An ɗaga ranar komawa lakwal har zuwa 28 ga Oktoba, don mutane da yawa cikin azuzuwa suke kwana. Kafin wannan ma, a 2020, ruwa ya shafi mutum fiye da dubu 600.

Mu mutanen karkara mun san yadda abin yake. Ɗakin ƙasa ya sha ruwa kwana biyu, gindinsa ya jiƙe, sai ya zauna. Rumbu ya faɗi, hatsi ya tsira. Tabki ya cika ya shiga gona. Rijiya ta rufta, ko ƙazanta ta gangara cikinta. Mai gida ya kwashe iyalinsa, ya kai wasu gidan ƙanensa, ya kai wasu garin surukai. Kafin gari ya waye, gida guda ya rabu uku.

ABIN DA TASHIN HANKALI YA YI

Yanzu ku dubi gabas. Kun san babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Damagaram, ta bi Mirya, ta bi Gidimuni da Gure, ta nufi Difa. Tun 2013 mutane suka fara ƙetaro kogin Komadugu daga Najeriya, suna gudun Boko Haram. Ran 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Boso da Difa. A watan Yuni 2016 aka sake kai ma Boso hari, mutum wajen dubu 50 suka watse cikin ƴan kwanaki. A shekarar nan, waɗanda suka bar gidajensu suka zauna cikin jihar Difa sun haura dubu 200. Alhali a ƙidayar 2012 mutanen jihar gaba ɗaya ba su kai dubu 600 ba. An buɗe sansani a Sayam, amma mafi yawa ba su shiga sansani ba. Bakin kwalta suka kafa bukkokin kara, wasu kuma suka sauka gidajen dangi.

Ku dubi yamma kuma. A 2019 ƴan bindiga suka matsa ma ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina. Mutum fiye da dubu 40 suka shigo jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yara. Mutanen ƙasar Gidan Rumji suka karɓe su, suka raba ɗaki da su, suka raba tuwo da su. Daga baya aka ɗauke wasu daga bakin iyaka, aka kai su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Mu nan Allah ya ba mu zaman lafiya, muna gode mishi. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Kuma ruwan sama bai san iyakar jiha ba.

INA AKA SAMO WAƊANNAN LAMBOBI?

Na faɗa muku dubu 50, na faɗa muku miliyan 1 da rabi. Ba daga sama suka faɗo ba. Wani ne ya taka ƙafa, ya shiga gida gida, ya tambaya, ya rubuta. Hanya huɗu ake bi.

Ta farko, a tambayi waɗanda suka san gari. Ma'aikaci ya zo ya zauna da mai gari da liman da mushen lakwal da ma'aikacin likita da shugabar mata. Ya ce: gida nawa suka zo? Daga ina? Yaushe? Me suka fi bukata? Wannan hanya tana da sauri, amma kintace ne.

Ta biyu, a tsaya bakin hanya. Ƙungiyar duniya mai kula da masu ƙaura, wadda ake ce ma OIM, ta sa ma'aikata a Arlit da Sigidin a 2016, suna ƙirga masu wucewa. A 2018 ta ƙara wasu wurare, har da Magarya da Ɗan Barto nan jiharmu. In mutane suka fara kwarara fiye da yadda aka saba, sai a san wani abu ya faru can inda suka fito.

Ta uku, rajista. A rubuta kowane gida da sunan kowa. A Difa da Maraɗi gwamnati da ƙungiyar HCR sun yi ma ƴan gudun hijira irin wannan aiki. An ɗauki hoto, an ɗauki zanen yatsa, don kada a rubuta mutum guda sau biyu.

Ta huɗu, hoto daga sama. Tauraron ɗan'adam yana ɗaukar hoton ƙasa, a ga inda ruwa ya malale, a ga inda sababbin bukkoki suka tsiro. Amma tauraro rufin ɗaki yake gani. Ba ya ganin mutum nawa ke kwance cikin ɗakin. Ba ya ganin mai ciki, ba ya ganin yaron da ke zawo.

Duk hanyoyin nan suna da rauni guda. Ma'aikaci baƙo ne. Yana zuwa bayan kwana uku ko mako guda, ya yi rabin yini, ya tafi. In ya tarar da gari babu rubutu, abin da aka tuna kaɗai zai ɗauka.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Na taɓa raka masu ƙidaya wani ƙauye bayan ruwa ya yi ɓarna. Ba zan faɗi sunan garin ba. Mai gari mutumin kirki ne, bai ɓoye kome ba. Ya zauna ƙarƙashin bedi yana lissafi da yatsu, dattawa suna tuna mishi. Aka rubuta, muka tafi.

Ranar da mota ta kawo hatsi, sai ga wata tsohuwa da jikokinta uku. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Daren da ɗakinta ya faɗi, ta kwashe yaran ta tafi gidan ƙanenta a wani ƙauye. Masu ƙidaya ba su same ta a garinsu ba, don ba ta nan. Ba su rubuta ta a garin ƙanenta ba, don can ruwa bai yi ɓarna ba, ba wanda ya je. Aka karanta sunaye har ƙarshe, ba nata. Ta tsaya da ƙwaryarta har aka watse. Maƙwabta ne suka tausaya mata, wannan ya auna mata rabin tiya, wancan ya auna mata tiya.

Ba wanda ya cuce ta da gangan. Mantuwa ce. Da akwai mutum guda a garin da ya rubuta tun da safe cewa wance ta tafi gari kaza da yara uku, da ba ta koma hannu sake ba.

DON ME MUKE TSORON ƘIDAYA?

Na san abin da wasu dattawa ke faɗi cikin ransu. Zamanin Nasara, in an zo ƙidaya, lanho ne ke biyo baya. Ko a ɗebi samari aikin dole, ko a kai su soja. Kakanninmu sun ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu, kuma suna da hujja. An soke aikin dole a 1946, amma tsoron bai fita zukata ba.

Ƙidayar da nake magana a kai daban take. Ita ce ke gaya ma hukuma buhu nawa za a fitar daga sitocin OPVN, mota nawa za ta tashi, wace hanya za ta bi. Manyanmu sun ga farin 1973 da 1974. Sun ga yunwar 1984, wadda ake ce ma El Buhari. Lokacin mutane sun yi ta tafiya ba wanda ya san inda suka nufa. Abinci ya je inda ba mutane, mutane suka taru inda ba abinci. Cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka karɓi mulki a watan Afrilu 1974, har da yadda aka yi wasa da abincin taimako. Kun ga maganar ba ƙarama ba ce.

Kuma akwai doka. A 2009 ƙasashen Afirka suka yi yarjejeniya a birnin Kampala na ƙasar Yuganda, a kan mutanen da suka bar gidajensu amma ba su fita ƙasarsu ba. Ran 10 ga Disamba 2018 Nijar ta kafa tata doka, mai lamba 2018-74. Ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da yarjejeniyar Kampala dokar ƙasa. Dokar ta ce kare waɗannan mutane da taimakonsu nauyi ne a kan gwamnati, ko yaƙi ne ya kore su, ko bala'i irin na ruwa. Saboda haka wanda aka rubuta ba bara yake yi ba. Hakkinsa yake nema.

KAYEN GARI

Ga abin da nake roƙonku. Kowane gari ya sayi littafin rubutu guda, wanda muke ce ma kaye, da bik biyu. A zaɓi ɗalibai biyu masu kyawun hannu da riƙon amana, namiji guda, mace guda. Macen dole ce, don akwai gidan da namiji ba ya shiga, akwai maganar da mace ba ta gaya ma namiji. A ja layi, kowane gida da layinsa. Ga abin da za a rubuta:

1. Rana da wata da shekara.
2. Sunan mai gida. In mace ce ke riƙe da gidan, a rubuta sunanta.
3. Yawan mutane: maza nawa, mata nawa.
4. Yara waɗanda ba su kai shekara 5 ba, mata masu ciki da masu goyo, tsofaffi, da naƙasassu.
5. Garin da suka fito, da abin da ya tashe su.
6. Inda suka sauka: gidan wane, ko lakwal, ko fili.
7. Abin da suka rasa: ɗaki, rumbu, gona, bisashe, takardu.
8. Ranar da suka tashi, da inda suka nufa.

Kowane layi da amfaninsa. Na huɗu shi ke gaya ma likita yara nawa za a yi ma allurar ƙyanda, nawa za a auna ma hannu don gano tamowa, sange nawa za a kawo don sauro. Inda mutane suka cunkushe bayan ruwa, amai da zawo ba su da nisa, masassara ma haka.

Na shida shi ke nuna mai masauki. Mutum ya noma damin da zai ishi bakin mutum 8, sai ga shi yana ciyar da 15. Rumbunsa zai ƙare tun kafin bazara. In ba a rubuta shi ba, a taimaki baƙo a manta da wanda ya sauke shi, gobe kuma shi ne zai shiga wahala.

Na bakwai kada ku raina maganar takardu. In ruwa ya ci takardar haihuwar yaro, ranar jarrabawa ce uban zai gane asarar da ya yi. A rubuta tun da wuri, a nemi wata.

Na takwas shi ne wanda aka fi mantawa. Mutane ba duwatsu ba ne. Suna zuwa, suna tafiya, ana haihuwa, ana rasuwa. A watan Yuni 2021 an fara mayar da mutanen Baruwa garinsu, can jihar Difa. Wanda ya koma gida, a rubuta ya koma. Lissafin bara ba ya ciyar da mutanen bana. Ku duba kayen duk ranar Juma'a, ku gyara.

Abu guda kuma: ɗan ci-rani daban, wanda masifa ta kora daban. Wanda ya tafi bida bayan girbi, da niyyarsa ya tafi. Kada ku haɗa su shafi guda.

MU YI ƊAN LISSAFI

Ku da kuka koyi lissafi, ga misali. Mu ce gida 10 ruwa ya rushe, kowane gida mutum 7. Mutum 70 ke nan. Mu ce kowa yana bukatar rabin kilo na hatsi a yini. A yini guda, kilo 35. A kwana 30, kilo 1050. In buhu yana ɗaukar kilo 50, buhu 21 ke nan.

To, in gida 6 kaɗai aka tuna, mutum 42 aka rubuta. Abin da zai zo bai wuce buhu 13 ba. Mutum 70 za su ci abincin mutum 42, ya ƙare tun wata bai yi kwana 20 ba.

In kuma aka yi ƙari aka ce gida 20 ne, buhu 42 za a nema. Buhu 21 na sama daga ina za su fito? Daga rabon wani gari. Sito ba ya haihuwa. Abin da ka ƙara ma kanka, bakin ɗan wani ka cire shi.

HANI HUƊU

Kada ku ƙara. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu bincike suna dawowa. Garin da aka kama da ƙarya sau guda, ko ya faɗi gaskiya gobe sai an yi shakka.

Kada ku rage. Kada a bar mutum don baƙo ne, ko don Bafillace ne ko Buzu ko Babarbare, ko don ba ya shiri da mai gari. Ruwan da ya ci ɗakinsa bai tambaye shi ƙabilarsa ba.

Kada ku karɓi ko dala. Rubuta suna kyauta ne. Wanda ya ce sai an ba shi goro kafin ya rubuta, a kai maganarsa gaba.

Kada ku ba kowa kayen. Wannan ya fi shafar waɗanda suka gudo daga tashin hankali. Wani yana da masu nemansa. Kayen ya zauna hannun mai gari. Wanda ya zo ya ce shi ma'aikaci ne, ya nuna takardarsa, kuma a tabbata hukuma ta san da zuwansa. Kada ku tsare baƙo gaban jama'a kuna tambayarsa abin da ya gani. A ba shi ruwa ya sha, ya huta, sannan a tambaye shi cikin mutunci. In bai yarda a rubuta sunansa ba, a rubuta yawan iyalinsa kawai.

INA TAKARDAR ZA TA?

In abu ya faru, kada ku jira. Ku kwafe shafin a wata takarda tun ranar. Mai gari ya sa hannu, a kai ma sarki, a kai meri nan Hamdara. Daga nan ta je wurin prefe a Mirya, ta je wurin gwamna a Damagaram, ta isa Yamai. Mai wayar salula ya ɗauki hoton shafin ya aika, takarda ta biyo baya. Inda akwai kwamitin gari mai ba da labarin bala'i da wuri, ku haɗa kai da shi.

Ba zan yi muku alkawarin da ba ni iya cikawa ba. Rubuta suna ba ya nufin gobe mota za ta tsaya ƙofar gidanka. Taimako ba ya isar kowa, kuma yakan yi jinkiri. Ana fara ba wanda ya fi shiga wahala. Taimakon farko kullum daga maƙwabci yake fitowa, kamar yadda muka gada. Amma wanda aka rubuta yana cikin layi. Wanda ba a rubuta ba, ko layin bai shiga ba.

Ƴan'uwa, wasu suna tambaya: mu da gemu ya yi fari, me karatu zai ƙara mana? Ga amsa guda. Hannun da ya koyi rubuta sunansa, yau zai rubuta sunan maƙwabcinsa, ya hana shi kwana da yunwa. Kada ku bari sai hadari ya haɗu. Ku sayi kayen tun yanzu da rani, ku ja layukan, ku gwada hannu da gidajenku.

Allah ya tsare mu da ambaliya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Waɗanda suka bar gidajensu, Allah ya mai da su lafiya. 



TAMBAYOYI DON MAHAWARA A MAKARANTA

1. A damanar 2024, gida nawa suka faɗi a garinku? Ina mutanen suka sauka? Akwai wanda aka manta?
2. Su wa za ku zaɓa su riƙe kayen garinku? Don me?
3. Gida 12, kowane gida mutum 5, kowa rabin kilo a yini. Buhu nawa mai kilo 50 za su ci a kwana 30?

Ku rubuto mana amsoshinku ta hannun malaminku. Za mu buga waɗanda suka fi kyau.